Yadda Ake Cin Ribar Kuɗin Shiga Filin Golf Mai Tsada

Gyara zama, malam, ka nemo takarda da biro. Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin ya dace mutum mai cikakken hankali ya biya dala 675 don a bar shi ya yini yana korar ƙwallo da sanda? Wasu da zuciya suke amsa wannan tambaya, wasu kuma da salati. Mu da lissafi za mu amsa ta, daki-daki, kuma ba za mu taka wani mataki ba sai wanda ya gabace shi ya zauna maka daram.

Mataki na farko: ka san aikin da za ka yi

Golf, wato ƙwallon lambu, ana yin sa ne a fili mai ramuka 18. Nauyin ƙwallon bai kai giram 46 ba, amma doka ta yarda ka tunkare ta da sanduna har 14. Za ka ajiye ta a gabanka, inda idonka ke ganinta sarai, hannunka kuma yana iya kaiwa gare ta. Daga nan sai ka maka mata sanda iya ƙarfinka, ta yi nisa, ka bi ta da ƙafa. Idan ka same ta, ka sake nisanta ta da kanka. Haka za ka yi ta yi har ta faɗa rami. Da zarar ta faɗa, ka sunkuya ka ciro ta, domin ba a son ta zauna a ciki. Ka maimaita wannan sau 18, ka gama.

Faɗin ramin milimita 108 ne a ko'ina cikin duniya. Na fili mafi tsada a Amurka da na filin Rayfield da ke Jos girmansu ɗaya. Rubuta wannan ka ja masa layi: ƙarin kuɗi ba ya ƙara faɗin rami. Wanda ya fahimci haka tun daga gida ba zai je ya yi wa masu fili rigima ba.

Mataki na biyu: ka san farashi

Za mu ɗauki filaye uku da kuɗinsu na shekarar 2024. Tsohon filin St Andrews da ke Sikotlan, wanda ake yi wa kallon mahaifar wasan, ya karɓi fam 320 a lokacin cinkoso. Pebble Beach, wanda aka buɗe a 1919 a gaɓar tekun Fasifik a jihar Kalifoniya, dala 675. Shadow Creek kuwa, wanda aka ƙirƙira a tsakiyar hamada kusa da Las Vegas, aka dasa masa itatuwa aka jawo masa ƙoramu, dala 1,250.

Kada ka ɗauka riƙe kuɗin a hannu ya isa. A Pebble Beach, idan kana son a ajiye maka lokaci tun da nisa, sai ka kama ɗaki a masaukinsu, galibi na kwana biyu, kuma kuɗin kwanan ya fi na wasan. A Shadow Creek sai ka sauka a otal ɗin kamfanin da ya mallaki filin, su aiko doguwar mota ta ɗauke ka. A St Andrews ƙuri'a ake jefawa kwana biyu kafin ranar wasa. Wanda sunansa ya fito shi ne ya yi sa'a, sa'arsa kuwa ita ce an yarda ya biya. Kafin 2024, wanda ya zo shi kaɗai yakan kwana a layi cikin sanyi yana jiran gurbi. Yanzu an sauƙaƙa masa, shi ma ƙuri'a yake shiga.

Kuɗin mai ɗaukar maka jaka daban ne, tukwicinsa ma daban. Aikinsa ya ɗauki sandunan, ya nuna maka inda ya kamata ka buga, sannan ya raka ka inda ka buga.

Mataki na uku: ka cire abin da ba na sayarwa ba

Mutane sukan ce kuɗin na ciyawa ne, da iskar teku, da tarihi. Bari mu gwada wannan magana a St Andrews. Tarihi kam akwai shi. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta golf a Sikotlan saboda yana ɗauke hankalin maza daga koyon harbin kibiya. A 1764 aka rage ramukan wannan fili daga 22 zuwa 18, duniya ta bi sahu. A 1799 filin ya faɗa hannun masu kiwon zomaye, aka shafe kimanin shekara 20 ana shari'a da jayayya tsakanin masu zomo da masu sanda, kafin wani attajiri, James Cheape, ya saye shi a 1821 ya raba gardama.

To amma duk ranar Lahadi, in ba babbar gasa ake yi ba, ana rufe wasa a wannan fili, a buɗe shi ga jama'a kyauta. Mutanen gari su fito da iyalansu da karnukansu, su taka ciyawar, su shaƙi iskar, su hau ƙaramar gadar dutse ta Swilcan, inda gwanin wasan nan Jack Nicklaus ya tsaya ya yi bankwana da gasa a 2005, su ɗauki hoto. Ko sisi ba sa biya. Sai ka yi ɗebewa: ranar Litinin akwai ciyawa, iska, tarihi, gada da ƙwallo, a kan fam 320. Ranar Lahadi akwai ciyawa, iska, tarihi da gada, a kan babu. Abin da ya rage shi ne ƙwallo, ita kuma kai ka zo da abarka daga gida. Ke nan fam 320 kuɗin izinin dukan kayanka ne.

Yanzu sai mu auna dukan. Idan aka yi bugu mai ƙarfi, sanda da ƙwallo suna haɗuwa na kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ko da ka yi bugu 100, in an tara duka, ba za su cika sakan ɗaya ba. Sauran awa huɗu da ɗoriya tafiya ce, wadda muka riga muka tabbatar kyauta ce. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Araha ba ta ado, kuma kaɗan ne cikin abubuwan duniya suka kai wannan sakan daraja.

Mataki na huɗu: ka raba kuɗin gida-gida

Nan ne zuciyar darasin, don haka ka natsu. Kuɗin shiga ba ya motsi. Ko bugu 70 ka yi, ko 140, dala 675 ɗin ce dai. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san cewa mai sari ya fi mai sayen yadi ɗaiɗai samun sauƙi, kuma ba a barin gyara a shago. Wannan ƙa'ida ita za mu ɗora a kan bugu.

A gasar US Open ta shekarar 2000, wadda aka yi a Pebble Beach, Tiger Woods ya gama zagaye huɗu da bugu 272, ya ba na biyu tazarar bugu 15. Wato bugu 68 a kowane zagaye. Da kuɗinsa ya biya a farashin 2024, da kowane bugu ya tsaya masa kusan dala 10. Kai kuwa, idan Allah ya taimake ka ka yi bugu 135, kowanne ya tsaya maka dala 5 cif. Fili ɗaya, rami ɗaya, amma ka sayi naka a rabin kuɗin nasa. Ƙari a kan haka, shi galibi tsakiyar fili ya bi, wurin da kowa ya gani a talabijin. Kai za ka ga dama da hagu, ka shiga duhuwa, ka leƙa ƙarƙashin itatuwa, ka san lungunan da gwanaye suka yi shekaru suna zuwa ba su taɓa takawa ba.

Daga nan ka gane cewa ƙwarewa asara ce. Mutum ya kashe shekaru da dukiya wajen masu koyarwa, sakamakonsa shi ne ya biya kuɗi ɗaya da kai, ya samu bugu kaɗan, ya koma gida da wuri.

Akwai wani rabon kuma. Dala 675 a ramuka 18 ta ba ka dala 37 da rabi kowane rami. Rami na 18 a Pebble Beach ya kusa mita 500, na 7 kuma bai cika mita 100 ba. Ke nan kowace mita a rami na 7 ta ninka ta na 18 tsada kusan sau biyar. Mai hankali ba ya wuce irin wannan wuri da bugu uku. Ka yi niyyar takwas. Teku na kewaye da wurin, iska kuma na kaɗawa, dukansu za su ba ka haɗin kai.

Mataki na biyar: ka karɓi gyara

Idan ƙwallonka ta faɗa ruwa, doka ta ce a ƙara maka bugu ɗaya a takarda, ba tare da ka ɗaga sanda ba. Wasu suna kiran wannan hukunci. Kai da ka bi mataki na huɗu ka san ƙari ne aka yi maka, domin ya sake karya farashin kowane bugu, kuma bai ci maka ko ɗigon gumi ba.

Wurin da ya fi shahara da wannan alheri shi ne rami na 17 a filin TPC Sawgrass da ke Fulorida, wanda Pete Dye ya tsara, inda ruwa ya kewaye wurin ramin sai ɗan siririn mashigi. Ana ƙiyasta cewa ƙwallaye fiye da 100,000 ke nutsewa a can duk shekara. Masu ninƙaya suna shiga su tsamo su, a wanke, a sake sayarwa. Saboda haka ƙwallonka ba ta ɓata ba, kana iya sake sayenta. A gaɓar Pebble Beach da kewayenta ma, wata ɗaliba da mahaifinta da abokan aikinsu sun tsamo fiye da 50,000 daga cikin teku a cikin kusan shekara biyu. Wannan ya nuna maka cewa hanyar da nake ɗora ka a kai manya sun riga ka bin ta.

Haka ramukan rairayi. Tsohon filin St Andrews yana da guda 112, wasu da zurfin da sai an yi musu matakala. Duk ka biya kuɗinsu. Wanda ya gama wasa bai shiga ko ɗaya ba ya bar haƙƙinsa a baya.

Mataki na shida: ka san dabarun masu fili

Kada ka zaci masu fili ba su iya lissafi ba. Sun iya, kuma sun ɗauki matakan kare kansu. Na farko, a St Andrews ba za a bar ka ka hau tsohon filin ba sai ka nuna shaidar cewa yawan bugun da kake ɗorawa a kan ƙa'ida bai wuce 36 ba. Ƙa'idar filin bugu 72 ce. Haɗa 72 da 36, ka samu 108. Raba fam 320 gida 108, ka ga bai kai fam 3 ba da kaɗan. Iyakar rangwamen da suka shirya bayarwa ke nan. Sai dai takardar a bakin shiga ake duba ta. Abin da ka yi bayan ka shiga, tsakaninka ne da ƙwallonka.

Na biyu, tun 2019 doka ta rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓata daga minti 5 zuwa minti 3, an zaftare wa mai saye minti 2 na zaman duhuwa a kowace ɓata. Na uku, akwai jami'in da ke zagayawa a ƙaramar mota yana cewa a hanzarta. Ka gaishe shi da ladabi, ka ɗaga ƙafa a tafiya, tunda ita kyauta ce. Amma kada ka yarda ka rage bugu.

Mataki na bakwai: ka lissafa ribar bayan dawowa

Kayan da za ka fito da su daga filin su ne takardar da ka rubuta yawan bugunka, da guntun fensir, da 'yancin cewa ka taɓa wasa a St Andrews. Na ukun shi ne jari. Idan ka faɗe shi sau ɗaya a mako na shekara 20, ka faɗa sau 1,040, kowace faɗa ba ta kai sulusin fam ba. In ka mai da shi kullum, a wurin ɗaurin aure, da suna, da layin banki, farashin zai yi ƙasa har ya kusa ɓacewa. Sharaɗi ɗaya ne: ka riƙa sauya masu sauraro, domin na farkon sukan fara tuna suna da uzuri.

Za ka ji ana ambaton Augusta National da ke jihar Jojiya, inda ake gasar Masters tun 1934. Wannan fili ba ya karɓar kuɗin shiga daga baƙo ko nawa ne, sai ɗan ƙungiya ya gayyace ka. Tunda babu abin da za a raba, babu ribar da za a fitar. Ka cire shi daga takardarka.

Hukunci

Kuɗin shiga manyan filayen golf ya cancanci a biya, amma ba ga kowa ba. Gwani ya yi haƙuri ya nemi fili mai araha, domin tsadar bugunsa ta wuce hankali. Kai kuma da ƙwallonka ba ta taɓa bin inda ka nufa ba, wannan ciniki naka ne. Ka tanadi ƙwallaye dozin biyu da takalmin da ba ya tsoron ruwa, ka biya kuɗinka ba tare da neman ragi ba. Kuma duk wanda ya ce zai koya maka wasan kafin ka tafi, ka yi masa godiya, ka ce sai ka dawo.