Masanan Amir Khan a Majalisun Haɗeja

Amir Khan ya fito jarumi a 1988 da Qayamat Se Qayamat Tak. Ya daɗe yana rawa da kuɗin wasu, kafin ya kafa kamfaninsa ya fitar da Lagaan a 2001, fim ɗin da ya kai har takarar Oscar. Tarihin ke nan a dunƙule. Sharhi kuwa sai Haɗeja, inda kowace majalisa take da masananta.

Na farko Tafinta. Indiyancinsa bai wuce kalma uku ba, amma gindin talabijin ne mazauninsa. Jarumi zai zuba magana har da hawaye, shi kuwa ya juyo ya ce, "Wai ya ce ba zai yarda ba." Da fassarar Hausa ta kamfanin Algaita ta kashe masa kasuwa sai ya koma gyara: "Ba haka ya faɗa ba."

Sai Tsohon Hannu. A wurinsa fim ya ƙare a kan Dharmendra, Sarkin Ƙarfi. Yakan ɗaga wa Sanjay Dutt ƙafa, saboda Ɗan Daba Mai Lasin ne. Amir kuwa? "Wannan gajeren yaron? Bos nawa ya taɓa dakawa?" Yaron da yake nufi, a 1965 aka haife shi.

Akwai Ɗan Tarihi, wanda Lagaan ke ɓata wa rai. Ƙauyawa sun yi yarjejeniya da Bature: in sun ci shi a wasan kurket a yafe musu haraji shekara uku, in ya ci su su biya ninki uku. Nan zai gyara hula. "A 1906 da Nasara suka zo, Sarki Muhammadu ƙwallo ya buga da su? Takobi aka zare!" Daga nan babu mai sake jin sautin fim.

Kusa da shi Manomin Fadama, mutumin Auyo. Duk fim ɗin nan na kusan awa huɗu, abu ɗaya ya gani: mutane sun ɗaga kai sama suna roƙon ruwa. "Allah sarki. Su zo a watan Agusta su ɗiba kyauta, mu haɗa musu da kacala."

Alhajin Riɗi ba ruwansa da labari, jari yake kallo. Da ya ji Dangal na 2016 ya kwashi kuɗi har a ƙasar Sin, sai ya ce yaron ya san kasuwa, ko da yake bai gamsu da uban da ke koya wa 'ya'yansa mata kokawa ba. Da Laal Singh Chaddha ya faɗi a 2022, shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar mutane, sai ya yi ajiyar zuciya: "Furodusa da mai noman bakin kogi, uwarsu ɗaya."

Ga kuma Furodusan Baki. Hujjarsa Ali Nuhu: ai shi ma jarumi ne ya kafa kamfanin FKD, ga shi a 2024 an ba shi shugabancin hukumar fina-finai ta ƙasa. Labari yana kansa, za a ɗauki waƙa a Baturiya cikin tsuntsaye, jaruma a kwalekwale. Jarinsa waya ce mai fasasshen gilashi, kuma kullum Alhajin Riɗi yake jira ya sayar da kaya.

Na ƙarshe Malam Hani. Yana zuwa da carbi, ya zauna ya ba talabijin baya, yana tir da ɓata lokaci. Sai an kai bugun ƙarshe a Lagaan, Bature ya cafe ƙwallo, majalisa ta ɗauki salati, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ku kwantar da hankalinku, ƙafarsa tana wajen layi."