Ɗan Sandan Ciki da Kowa Ya Sani

Malaminmu ya ce kowane rukuni ya kawo fim na minti biyar, irin wanda Amurkawa suka yi yayi a shekarun 1940, wanda wani marubucin Faransa, Nino Frank, ya laƙaba wa suna fim nuwar a 1946. Ya kunna mana The Maltese Falcon na 1941. Ga Humphrey Bogart da malafa, taba a baki, ba ya gaida kowa, ba mai gaida shi. Malam ya lissafa mana kayan haɗin: duhu, ruwan sama a kan kwalta, hayaƙi, hatsabibiyar mace, da birnin da ba wanda ya san wani.

Mu kuwa muna Dutsin-Ma, a tsakiyar bazara.

Duhu ne kaɗai muka samu kyauta, don wuta ba ta zama. Ruwan sama kuwa wurin ɗan garuwa muka saye shi. Muka huda gwangwani, wani ya hau katanga yana tsiyayawa, amma kafin a ce an fara ɗauka ƙasa ta shanye. Muna cikin jarka ta gaba wata tsohuwa ta leƙo daga zaure ta ce, "Kai 'ya'yan nan, dam ɗin Zobe gadon ubanku ne?" Nan damina ta ƙare.

Jaruminmu ya sa kwat ɗin gwanjo har gwiwa, gumi na bin ƙeyarsa. Taba kuma ya ce ko da kuɗi ba zai riƙe ba, labari zai riga shi isa gida. Sai muka kunna maganin sauro a ƙarƙashin kyamara. Hayaƙi ya yi kyau, tari ne dai ya cinye rabin maganarsa.

Abu ɗaya ya fito yadda ake so. A finafinan nan akwai zanen inuwa da labulen taga ke jefawa a fuskar mutum, layi-layi, kamar yana kurkuku. Muka ciro asabarin ƙofar ɗakin haya, muka haska shi ta baya da fitilar caji. Wallahi da Bogart ya gani da ya tambayi farashi. Na daɗe ina mamakin yadda Kannywood ta bar wannan arziki rataye a ƙofar kowane ɗaki.

Hatsabibiyar macen 'yar ajinmu ce, ta zo da sharaɗi: yayanta zai zauna a wurin, kuma kafin magariba tana gida. Ta shigo da hijabinta har ƙasa, ta karya murya ta ce, "Yallaɓai, ka taimake ni, mijina ya ɓace." Daga bayan kyamara yayan ya ce, "Wane mijin?"

Saura fitowa ta ƙarshe, inda jarumi zai bi lungu shi kaɗai, baƙo a garin da ba a san shi ba. A Dutsin-Ma hakan ba ta yiwuwa, taku uku sai an ce masa ya karatu. Muka hau mota muka nufi Kurfi, kan hanyar Katsina. Abin da jarumin bai gaya mana ba, gyatumarsa 'yar Kurfi ce. Mai shayi ya gaishe shi, mai faci ya gaishe shi, wata inna ta aiko masa da fura.

Muka jira bayan isha'i. Jarumin ya maƙale jikin katanga da doguwar kwat da bindigar roba. A yankinmu, a irin wannan zamani, mutumin da ke raɓe a lungu da dare da abu a hannu ba a tambayar sa ko fim yake yi. Sai ga 'yan sintiri ta gaba da ta baya. Ni dai hannuna na sama, wayar da muke ɗaukar fim da ita na hannun, ashe tana ta ɗauka.

Babbansu ya dalle shi da tocila a ido.

"Kai wane ne? Wa ya aiko ka?"

"Baba, ɗalibai ne mu, aikin makaranta ne."

"Makarantar dare?"

Ya ƙara matso da tocilar, ya yi shiru, can ya ce, "Kai, ba jikan mai goro ba ne? Ya gyatumar taka?" Aka sallame mu, aka riƙe bindigar.

Ranar nunawa Malam ya wuce damina da maganin sauro da gudu, ya tsaya a kan tambayoyin nan, ya maimaita su. Ya ce haske ya yi, tsoron da ke fuskar jarumi kamar gaske, rawar kyamara ma dabara ce. Daga nan ya ce mu kawo masa lambar wayar dattijon da ya riƙe tocila, yana son sa shi a fim ɗin zango mai zuwa.