Ire-iren Mutanen da Ake Samu a Zauren Masu Binciken Sauyawar Halittu

Malam Jahizu na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya wallafa babban littafi a kan dabbobi, ya kuma wallafa wani a kan marowata, kuma irin kallon da ya yi wa dabba shi ya yi wa marowaci, wato kallon mai lura da ɗabi'a wanda ba ya gaggawar yanke hukunci. To, a jami'o'in Turai da Amurka akwai wata jama'a da ta sadaukar da rayuwarta ga binciken yadda halittu ke sauya kama daga zuriya zuwa zuriya, fannin da Charles Darwin ya aza harsashinsa da littafinsa na 1859. Kuma tun da yake sun ba kansu ikon rarraba kowane tsuntsu da ƙwaro jinsi-jinsi, adalci ne su ma a zauna a rarraba su, balle ma muhallinsu, mai ƙarancin kuɗi da yawan gasa, ya riga ya sassaƙa kowannensu yadda zai iya rayuwa a cikinsa.

Sai mu fara da Shehin zauren, Farfesa, wanda a ƙuruciyarsa ya yi suna wajen kama ƙadangaru ko auna fikafikan malam-buɗe-littafi, amma yau shekara da shekaru rabonsa da taɓa wani abu mai rai in ban da hannun baƙi. Aikinsa dare da rana rubuta takardun neman tallafin bincike, inda yakan rantse cewa abin da zai gano zai girgiza duniya, alhali a zuci addu'arsa kuɗin su kai a biya albashin mutum uku. Ba a ganinsa sai tsakanin jirgi da jirgi. In ɗalibi ya tare shi a bakin ƙofa da matsalar da ta hana shi barci wata guda, sai ya saurara da fara'a, ya ce, "Madalla, wannan abu ne mai ban sha'awa ƙwarai," ya wuce, ya bar yaro yana lissafin ko yabo ya sha ko ta'aziyya.

Amma wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne mai kiwon ƙudaje. Silsilar malamansa tana tuƙewa ga Thomas Hunt Morgan na Jami'ar Columbia a birnin New York, wanda a 1910 ya tsinci namijin ƙuda mai farin ido a cikin dubban masu jan ido, daga nan aka buɗe babi guda na ilmin gado. Waɗannan ƙananan ƙudaje masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba, cikin mako biyu ko ƙasa da haka ƙwai yakan zama uba, saboda haka mai kiwonsu ba ya da Asabar, ba ya da Lahadi. Abin da ya fi ɗaure shi kuwa shi ne, in yana son haɗa auren da ya zaɓa, wajibi ne ya ware matan tun suna 'yan sa'o'i da ƙyanƙyashewa, kafin wani namiji ya riga shi. Don haka za ka ga babban mutum mai digiri biyu ya tashi tsam daga tsakiyar walima, ya ce da jama'a cikin natsuwa, "Ku gafarce ni, zan je in tsince budurwai," ba kuwa wanda zai ɗaga kai. Yakan sumar da su da iska, ya juya su da ɗan burushi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Ɗan'uwansa a zuhudu shi ne mai kiwon bakteriya, wanda abin koyinsa Richard Lenski ne, da ya zuba ƙwayoyin a kwalabe 12 a 1988, aka yi ta ɗiban kashi ɗaya cikin ɗari ana juyewa a sabon abinci kullum, har suka haura zuriya 70,000. Irin wannan in ka tambaye shi labarin duniya, sai ya gaya maka abin da ya faru a kwalba ta tara.

Akwai kuma mutumin daji, wanda wata tara yana zaune a ofis kamar ɗaurarre, sanye da takalmin hawan dutse a kan shimfiɗaɗɗen kafet. Hujjarsa a kowace muhawara ita ce Peter da Rosemary Grant, miji da mata da suka yi ta komawa tsibirin Daphne Major na Galapagos tun daga 1973, har wajen shekara arba'in, suna auna bakin tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, suka kuma shaida yadda farin 1977 ya kashe mafi yawansu, ya bar masu kaurin baki da ke iya fasa ƙwaya mai tauri. Shi dai namu bai kai nan ba tukuna, amma ya ciwo zazzaɓi iri uku, kuma ba ya barin a sha shayi lafiya sai ya ba da tarihin kowanne.

Abokin gabarsa na har abada shi ne ma'abocin lissafi, wanda bai taɓa ganin dabbar da yake rubutu a kanta ba, bai kuwa ga dalilin ganinta ba, tun da a wurinsa tsuntsu harafi ne a kan allo. Masu lissafin nan mazhabobi gare su. Wasu na bin Ronald Fisher, suna jingina kusan kome ga zaɓin yanayi. Wasu na bin Sewall Wright, suna ba katari nasa rabo, musamman a ƙaramin garke. Shehunan biyu kuwa sun yi saɓani tun shekarun 1930, Fisher ya mutu a 1962 ba su shirya ba, sai almajirai suka gaji rigimar tare da littattafan. Ana cikin haka Motoo Kimura na Japan ya zo a 1968 ya ce mafi yawan sauye-sauyen da ke cikin ƙwayoyin gado ba sa amfanar mai su, ba sa cutar da shi, aka sami mazhaba ta uku da sabon abin yin gardama bayan cin abinci.

Ɗan ci-rani, wato wanda ya gama digirin ƙoli bai sami kujera ba, ba sai an daɗe a kansa ba: shekara biyu a Jamus, biyu a Kanada, akwatinsa ba ya rabuwa da bakin ƙofa, kuma shi ke yin rabin aikin da ake yaba wa Shehi.

Sai ɗalibin da kundinsa ya ƙi ƙarewa. Ya rubuta matani, ya yi masa sharhi, ya yi wa sharhin hashiya, sannan ya gano cewa muƙaddimar ce ba ta yi ba. In aka matsa masa, sai ya kafa hujja da Darwin kansa, wanda ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana feɗe wasu ƙananan halittun teku masu manne wa duwatsu da jikin jirgi, ya kuma yi wajen shekara ashirin yana jan ƙafa da babban ra'ayinsa. Sai dai ɗalibin yakan tsallake ƙarshen ƙissar, inda wasiƙar Alfred Russel Wallace ta iso a 1858 ɗauke da ra'ayin nan sak, Darwin ya zabura ya gama littafi cikin shekara guda da 'yan watanni. A ganina kowane irin wannan ɗalibi ba abin da yake buƙata illa a samo masa Wallace nasa.

Mulki na haƙiƙa kuwa yana hannun mai kula da ɗakin gwaji, wadda sau da yawa dattijuwa ce da ta ga zuwan ɗalibai da tafiyarsu tun Farfesa yana da gashi. Ita ke riƙe da makullin firizar nan mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, inda jinin tsuntsun mutumin daji, da kakannin bakteriya, da begen ɗalibi duk suke kwance a jere; in ƙararrawar firizar ta yi kuka da tsakar dare, wayarta ake bugawa, ba ta Shehi ba. Ba ta shiga gardamar Fisher da Wright, ba ta kuwa taɓa cewa ga mazhabarta ba. Fatawarta guda ce, ta rubuta ta da jan alƙalami ta manna a ƙofar firiza, cewa duk kwalbar da aka samu ba suna ba kwanan wata, ranar Juma'a za ta sha shara. Sau ɗaya aka ji Farfesa ya je neman sassauci saboda wasu kwalabensa na zamanin samartaka. Ta ce masa, "Ranka ya daɗe, ga alƙalami," ya karɓa, ya durƙusa gaban firiza yana rubuta sunansa har yatsunsa suka ƙage.