Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shirin CID, A Kan Maganar Ƙyaure

Zuwa ga mai girma shirin CID, birnin Mumbai, ƙasar Indiya. Daga wani magidanci a cikin ganuwar Zariya, wajejen Ƙofar Kuyambana. Allah ya ja zamanin shiri, ko da yake ya riga ya ja. Musabbabin wannan takarda wani ƙyaure ne da ya faɗi daren jiya, kuma za a zo kansa.

CID wasan kwaikwayo ne na 'yan sandan ciki, wanda B. P. Singh ya ƙirƙira, tashar Sony ta fara haska shi ranar 21 ga Janairun 1998. Bai sauka ba sai ranar 27 ga Oktoban 2018, bayan kashi 1,547. A lissafin masu shirin, duk shekara ashirin ɗin nan zango ɗaya ne tak, na biyu sai a Disamban 2024 ya soma. Wato jaririn da aka raɗa wa suna a makon da shirin ya fara, an yi masa kaciya, ya sauke Alƙur'ani, ya gama sakandare, wataƙila har an kai kuɗin gaisuwar aurensa, zangon farko bai ƙare ba.

Shugaban tawagar shi ne ACP Pradyuman, wanda Shivaji Satam ke fitowa a matsayinsa. Aikinsa ya ɗaga gira, ya murza yatsu a iska, ya sanar da cewa akwai lauje cikin naɗi. Abhijeet ke bin diddigi, Dakta Salunkhe ke duba gawa. Sai Daya, wato Dayanand Shetty, ƙato mai faɗin ƙirji, wanda aka ware wa sashen ƙofofi da sashen mari.

Shekarun farko sun cancanci yabo. Ana raba shari'a ɗaya gida biyu, jami'ai su taka da ƙafa, su tambayi mai shayi da direban tasi, su yi kuskure, su dawo baya. Mai kallo yana da damar ya yi nasa lissafin, wani lokaci har ya riga su gano ɓarawon. A cikin 'yan wasan wancan lokaci akwai Ashutosh Gowariker, wanda daga baya ya ba da umarnin fim ɗin Lagaan na 2001. A 2004 kuma shirin ya ɗauki kashi guda mai tsawon minti 111 ba tare da an tsayar da kyamara ba, ya shiga kundin Guinness.

Daga nan ne tafiya ta fara miƙewa babu kwana. Ɗakin gwajin Salunkhe ya cika da kwalabe masu ruwa kala-kala suna ta tafasa, ya zama da silin gashi ɗaya ana iya gano unguwar da mutum ya kwana. Taurari irin su Salman Khan da Aamir Khan suka riƙa leƙowa a makon da fim ɗinsu zai fito, su taya kamun mai laifi, su yi tallarsu su wuce. Shi kuwa ACP, shekara ashirin ba ƙarin girma, ba canjin wurin aiki, ba ritaya, alhali a Nijeriya ɗan sanda na cika shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa ake sallamarsa. Duk waɗannan ana iya haɗiye su da ruwa. Abin da ba ya haɗiyuwa shi ne ƙofa.

Tsarin ba ya canzawa. Tawaga ta isa gida, a ƙwanƙwasa sau biyu, ACP ya dubi Daya ya ba da umarni, ƙyaure ya kwanta. Ba a neman mai gida, ba a tambayar maƙwabci ko an bar makulli a wurinsa, kuma sau da yawa babu mai murɗa hannun ƙofar ya ji ko a buɗe take. Ba a taɓa nuna kafintan da ke bin bayan tawagar ba, ballantana wanda ke biyansa. A Zariya kuwa ƙofa ba abin wasa ba ce. Gari ne da ake yi wa baƙo kwatance da Ƙofar Doka, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kibo, da Ƙofar Kona, gari ne da namiji baligi ke tsayawa a zaure ya yi sallama sau uku, in ba a amsa ba ya juya. Da Daya ya zo zamanin da ake rufe ƙofofin ganuwa da almuru, da sarakunan Zazzau sun yi asarar gini.

Daren jiya, a gidan mai wannan takarda, yara na kallon wani tsohon kashi da aka turo a filashi, ACP ya ɗaga yatsa ke nan aka ɗauke wuta. Yaran ba su ga dalilin dakatar da bincike ba. Dama an nemi ragowar dambun nama an rasa, sai suka buɗe fayil a tsakar gida da fitilar waya. Babbar ta zama ACP, ta murza yatsu. Mai bi mata, ɗan shekara goma, ya ja da baya har bakin rijiya, ya sheƙo da gudu, ya kai wa ƙyauren ɗakin ajiya ƙafa.

Ƙyauren nan na katako ne, gadon kaka. Ya ga gara, ya ga damina sama da hamsin, bai rusuna ba. Jiya ya kwanta a kan tukwane, ya fasa tulu, ya tafi da rabin dokin ƙofa da ɓangaren ƙasar bango. Kuma ba a kulle yake ba. Ko sakata ba a sa ba! Da yatsa ɗaya ɗan yaye ke tura shi kullum safiya. Wane irin ɗan sanda ne wannan Daya da yaron ya kwaikwaya, da shekara ashirin bai koyi murɗa hannun ƙofa ba? Wace makarantar horo ce ta yaye shi? Me ƙofa ta tare masa a duniya?

Sashen mari ma bai zauna ba. A shirin, Daya na sauke tafi ɗaya sai a ga mai laifi zaune a ofis yana kuka yana zayyana yadda ya yi, ACP ya yi masa albishir da rataya, ba lauya ba alƙali. Haka aka yi wa autan gidan, nan take ya amsa cewa shi ya cinye dambun. Da safe aka tsinci kwanon a bayan murhu, kyanwa na lashe baki a gefensa.

Zango na biyu bai kawo sauƙi ba. Dinesh Phadnis, wanda ya riƙa fitowa a matsayin Freddy mai tsoron fatalwa, ya rasu a Disamban 2023, raharsa ta tafi da shi. A Afrilun 2025 labari ya kashe ACP da bam, masu kallo suka yi ca, bayan 'yan makonni sai ga shi ya dawo da girarsa. Ƙafar Daya kuwa tana nan da lafiyarta.

Buƙatar mai takarda ba ta da yawa. Shirin da ya karya ƙofofi masu yawa haka ba zai rasa ƙyaure ɗaya mai sauran lafiya a ma'ajiyarsa ba, a aiko da shi tashar Kwangila, za a je a karɓa. Kafinta ya ce sai ranar Alhamis, kuma ya ce a tanadi kuɗin katako da na ƙusa daban. Kafin nan tsohuwar tabarma ce rataye a bakin ɗakin, akuya ta riga ta shiga sau biyu.

Wassalam, daga mai ɗakin da babu ƙyaure.