Bakano, Jami'ar Jamus Ba Ta San La'ada Ba

Gaisuwa gare ka bawana, ɗan Kano, da fatan kasuwa tana ci kuma gurasa ba ta ƙara tsada ba. Labari ya iso mana nan Zariya, inda ilmi yake kwana yake tashi, cewa kana cigiyar wanda zai "samo" wa ɗanmu gurbin digiri na biyu a Jamus, har ka ware maƙudan kuɗi za ka damƙa wa wani mai ofis da ya jera tutocin ƙasashe a kan tebur. Ban yi mamaki ba. Ku da ko akuya za ku saya sai dillali ya tsaya a tsakani, ina za ku yarda cewa yaro zai iya buga wa jami'a ƙofa da hannunsa?

To ka gyara zama, ubangidanka zai karantar da kai, kuma kyauta.

Abin da mai tutocin nan zai yi a bayan labule, yaron zai iya yin sa a wayar da yake kallon ƙwallo da ita. Hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, wato DAAD, tana da shafi a intanet da ya jera kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci, kowanne da sharuɗɗansa da ranar rufewa. Ya zaɓi wanda ya dace da abin da ya karanta a Jami'ar Bayero, domin Bajamushe ba ya son tsalle: wanda ya yi digiri a tarihi ba zai wayi gari injiniya ba, ko da kawunsa ne Sarkin Kasuwa. Daga nan ya shiga shafin jami'ar da kanta. Wasu a wurinsu kai tsaye ake cike takarda. Wasu kuma, fiye da 150, sun ɗora aikin tantance takardun baƙi a kan wata cibiya da ke Berlin mai suna uni-assist.

Na san ranka ya yi fari da jin haka, ka ce ashe su ma suna da dillali. Kada ka yi saurin murna. Wannan farashinsa a rubuce yake: Yuro 75 a kan kwas na farko, Yuro 30 a kan kowane ƙari. Ba ya tayawa, ba ya cewa albarka, ba ya kama hannunka a ƙarƙashin riga. Kuma ba ya ba da gurbi. Dubawa kawai yake yi ya miƙa wa jami'a ta yanke hukunci. Duk wanda ya rantse maka cewa yana da "mutuminsa a ciki", ka tambaye shi sunan unguwar da mutumin yake sallar Juma'a.

Wani abin da zai tayar maka da hawan jini, gara in faɗa maka tun yanzu. Za su juya makin yaron zuwa ma'auninsu, inda 1.0 ne ƙoli, 4.0 kuma da ƙyar da jiɓin goshi. Idan takarda ta dawo da 1.7, don Allah kada ka ɗora hannu a ka kana cewa an cuci ɗanka. Na san a Kantin Kwari lamba babba ita ce arziki, amma a can wanda ya fi ƙanƙanta shi ne gwani.

Sai maganar rana, wadda ita ce babbar jarrabawarku. Zangon hunturu yana farawa a Oktoba, kuma jami'o'i da dama suna rufe karɓar takardu ranar 15 ga Yuli. Na bazara kuma 15 ga Janairu. Kwasa-kwasan Turanci da yawa ma tun kafin nan suke rufewa. Tantancewar kanta takan ci makonni. Babu "gobe in Allah Ya kai mu zan aiko yaro", babu "ai mun saba". Saboda haka takardar sakamako dalla-dalla, da shaidar digiri, da fasfo, da jarrabawar Turanci ta IELTS in an nema, a tara su tun da wuri. Wasiƙar bayyana dalilin neman kwas kuwa, yaron ya rubuta abarsa. Masu ofis ɗin nan wasiƙa ɗaya suke sauya wa suna su raba wa kowa, kuma malamin da ya karanta ɗari a mako yana gane ƙamshinta daga layin farko.

Yanzu ga inda kunnenka zai miƙe. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, sai ɗan kuɗin hidimar zango. Amma jihar Baden-Württemberg tun 2017 take karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, don haka a karanta kafin a yi guɗa. Kafin biza kuma sai an nuna abin da yaro zai ci. Tun Satumbar 2024, Yuro 11,904 ake zubawa a wani asusu da ake kullewa, a riƙa sakar masa 992 duk wata. Ina hango ka kana lissafin dilolin atamfa nawa kuɗin nan za su juya kafin Sallah. Haƙuri za ka yi. Kuɗin da za ka ba mai tutoci, a nan suke da amfani.

Za ka ce me Bazazzagi ya sani, mutumin da ba ya bambanta mace da namiji a magana, ga shi fate ya cika masa ciki. Na ji. Sai dai tun 1962 muke kallon 'ya'yanku suna sauka a jami'armu ta Samaru da akwatin ƙarfe, ba mu taɓa ganin wanda dillali ya rubuta wa jarrabawa ya fita da mutunci ba. Ranar ganawa a ofishin jakadanci ma yaron ne zai zauna shi kaɗai a yi masa tambayoyi a kan kwas ɗin da ya zaɓa; babbar rigarka a bakin ƙofa za ta tsaya.

Ina jiran martaninka a wannan shafi mako mai zuwa. In rubutun ya gagara, ka faɗa wa yaron da baki ya rubuta maka, amma sai bayan ya gama cike takardunsa.