Ranar da Na Zama Burtu a Ƙasar Kebbe

Ba wanda ya aike ni, ni na ja wa kaina. Hoton wasu samari na gani a Facebook, sun rataya kyamarori a wuya suna bin ƙauyukan Arewa suna ƙirga tsuntsaye. Da na bi diddigi sai na tarar aiki ne na zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos ta soma a 2015. An yanka ƙasar nan gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, ana son a san tsuntsayen da ke cikin kowanne. Na ce to, gidajen Tambuwal da Kebbe fa, wa ya fi cancanta ya cike su in ba ni ɗan gida ba?

Cikin mako guda na sayi kyamara ta hannu, da bututunta mai tsawon rabin taɓarya, da madubin hangen nesa, da wani littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma mai nauyin bulo. Uwargida ta juya kyamarar, ta leƙa bututun ta baya, ta ce, "Wannan ce firjin da muka yi magana?" Na yi mata bayani mai tsawo. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To in ka ɗauki tsuntsun, shi zai biya ka kuɗin hoton, ko kai za ka biya shi?"

Farkon Fabrairu na bar Sakkwato, na bi ta Boɗinga da Shagari da Dogon Daji, na sauka Tambuwal hazo ya rufe gari kamar an zazzage buhun gari daga sama. Kawuna yana zaure ya rungumi kaskon wuta. Bayan mun gaisa ya dubi kayana.

"Mi an nan kuma?"

"Hoton tsuntsaye na zo ɗauka, Kawu."

"In ka ɗauka sai ka yanka su?"

"A'a."

"Sai ka sai da hoton?"

"A'a, Kawu, kallo ne kawai, da rubutawa."

Ya yi shiru yana juya garwashi. Can ya ce, "Allah shi sawwaƙe." Daga baya na ji ya sa an karɓo mini rubutu wajen liman.

Don in nuna masa ba da wasa na zo ba, sai na ce da shamuwa zan fara, tun da na tuna sheƙarta a kan tsamiyar ƙofar gidanmu. Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ko jikansa mai shekara biyar ya san shamuwa baƙuwar damina ce, da ita ake gane lokacin gyaran gona ya yi, kuma da kaka ta kama take tafiyarta. Da dare na buɗe bulona a asirce, na tarar abin da ya faɗa ne: tsuntsuwar a lokacin tana can kudancin Afirka tana cin fara. Kuɗi na biya na sayi abin da Kawu zai gaya mini kyauta, har da ƙarin dariya.

Baƙin hunturu daban ne, kuma su na zo nema. Idan sanyin Turai da Rasha ya daskarar da tafkuna, tsuntsaye kan ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka a fadamunmu, su zauna har zafi ya soma. Mafi shahara wajen saukarsu shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, inda har mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin ya je Dagona kallonsu a 1989. Amma ƙasar Sakkwato ma tana da rabonta. Tun 1972 wasu Turawa biyu, Mundy da Cook, suka wallafa jerin tsuntsayen da suka gani a nan. Wadda na ƙwallafa rai a kanta wata ƙaramar agwagwar ruwa ce da Turawa ke kira gargani, namijinta yana da farar gira doguwa kamar an shafa masa alli.

Washegari ana sallame asuba na nufi fadama. Jaura tana kaɗawa, leɓɓana sun dare duk da man kaɗen da Inna ta lafta mini. Na kafa kyamara, na auna wani zalɓe da ke tsaye a bakin ruwa. Bututun ya dinga shiga yana fita yana gurnani, ya rasa abin da zai kama cikin hazon. Kafin ya yanke shawara, yara uku sun tsaya gabansa sun ƙame. Kafin in kore su sun zama goma. Zalɓen ya dube mu, ya ɗaga ƙafa, ya yi gaba.

Na haƙura da hoto na ciro littafin rubutu: belbela 14, hankaka 2, zakaran ƙeƙuwa 1. Wani mai ban ruwan albasa ya matso.

"Malam, sunaye aka rubutawa?"

Na ce, "Eh, sunaye nake rubutawa."

Ban san abin da na furta ba sai bayan rabin sa'a, da na ɗaga kai na ga layi ya miƙe tun daga gindin giginya har bakin rijiya, kowa riƙe da katin zaɓe. Wani taki yake so, wani injin ban ruwa. Wata tsohuwa ta ba ni sunanta da na kishiyarta da na mijinsu da ya rasu shekara huɗu, ta ce ko an samu ragowa. Da na bayyana musu cewa sunayen belbela da hankaka nake rubutawa, ban taɓa ganin mutane sun watse da irin wannan kallon ba. Mutum ɗaya ne ya tsaya, ya ce in dai ƙirgar tsuntsu ce sana'ata, in ƙirga masa jan-baki in kai wa gwamnati a aiko jirgin feshi. Na ce masa masana sun ƙiyasta jan-baki ya kai biliyan ɗaya da rabi, ba tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya. Ya ce, "Awo, ai rabinsu gonata suka kwana bara."

Kawu ya ga rubutun liman bai kama ni ba, sai ya ce a kai ni wajen masu irin ciwona. Yana da aboki, Sarkin Baka a wani ƙauye na ƙasar Kebbe kusa da gulbin Zamfara. Ɗan kabu-kabu ya kai ni, na isa ƙura ta yi mini furfura har a gira.

Sarkin Baka tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya. Na buɗe masa littafina, ya dinga ɗora yatsa yana kiran sunaye: dinya, kirinjijiya, jinjimi, ladin kogi, ragon maza. Da muka zo kan gauraka ya daɗe yana kallo, ya ce da ƙuruciyarsa garke-garke suke sauka a fadamar nan, yanzu rabonsa da jin kukansu a daji har ya manta. Na nuna masa mai farar gira. Ya ce suna nan bayan gari, amma da farar shaddata da wannan tafiyar tawa ta ma'aikacin ofis, ko kazar gida ba za ta tsaya mini ba.

Ya shiga ɗaki ya fito da burtu.

Wanda bai taɓa gani ba, kan tsuntsun nan ne burtu, da bakinsa na gaske, an ɗora a kan lanƙwasasshen itace da aka naɗe da fata, an manna masa jajayen ƙwayoyin idon zakara. Maharbi kan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo, namun daji su ɗauka tsuntsu ne har ya iso inda kibiya za ta kai. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ga mutumin da ba shi da tumbi. Sarkin Baka ya ɗaura mini, ya gwada mini rausayar wuyan sau biyu, ya nuna mini hanyar tafki, ya ce shi zai leƙa kasuwa ya dawo.

Na yi rarrafe ya fi na awa ɗaya. Ƙarangiya ta kama wandona tun daga idon sawu har inda ba a faɗa. Gwiwoyina suka sale, kyamara tana dukan ƙirjina, kan burtun yana zamowa yana rufe mini ido ɗaya. Amma wallahi abin ya yi aiki. Na ratsa garken shanu ba wadda ta ɗaga kai. Na iso bakin ruwa, ga kirinjijiya sun fi ɗari suna fito, ga dinya biyu, can gefe kuma ga 'yan ƙananan agwagi, ɗaya da farar gira. Ƙirjina ya buga. Na ɗaga bututu a hankali, na riƙe numfashi.

"Kak ka motsa!"

Tafkin gaba ɗaya ya tashi sama. Na waiga da kan burtu a goshi, na ga bakin adaka uku da gora biyu.

Ba na ganin laifin 'yan bangar nan ko kaɗan. Duk wanda ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan wannan yanki, da yadda ake tsoron masu kai musu rahoto, ya san baƙon da aka tsinta yana rarrafe a bayan gari, lulluɓe da baƙin zane, riƙe da dogon baƙin ƙarfe, ba shayi za a fara ba shi ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da kawai na roƙa shi ne a bar ni in cire burtun kafin mu shiga gari. Suka ce a'a, shaida ce.

Haka aka gurfanar da ni gaban mai gari, yara na biye suna kwaikwayon rausayata.

"Ranka shi daɗe, tsuntsaye nake ɗauka. Ga hotunan a duba."

Aka matso aka zagaye kyamara. Hoton farko fari fat.

"Mi an nan?"

"Zalɓe ne, ranka shi daɗe."

"Ina shi?"

"Ya tashi."

"Wanga hwa?"

"Shi ma ya tashi."

Muka wuce hoto wajen sittin na hazo iri-iri. Sai ga guda ɗaya ya fito tangaran, har ana iya ƙirga gashin wutsiya: shanun mai gari ne, reras, kowace da tambarinta. Carkin da na auna a bayan bijimin ko alamarsa babu. Fada ta yi tsit, na ji wani ya gyara riƙon gorarsa.

Tsoro kan buɗe bakin malamin makaranta. Na shiga ba su labarin hijirar tsuntsaye kamar ina gaban allo. Na ce Turawa kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba, har wasu malamansu suna cewa cikin laka suke shigewa su yi barci. Sai a 1822 aka harbo wata farar 'yar'uwar shamuwa kusa da garin Klutz a Jamus, da mashin Afirka mai tsawon fiye da santimita 70 soke a wuyanta. Da shi ta ƙetare hamada da teku. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock.

Na dakata don labarin ya ratsa su. Wani tsohon maharbi ya tofar da goro ya ce, "Wanga ba maharbi ba ne. Bai sa dahi ba."

Na ce yanzu zobe ake sa musu a ƙafa, da lamba da adireshi, don a san inda suke zuwa. Nan wani manomi ya miƙe, ya ce shi ya taɓa ganin irin zoben, ashe tsuntsayen da masu su. To tun da na san masu su, in gaya musu dabbobinsu na cin shinkafar mutane kowace shekara, su zo a yi lissafin ɓarna. Fada ta ɗauka, aka manta da batun shanu, aka koma gardamar buhu nawa za a nema.

Ana cikin haka Sarkin Baka ya iso da ƙullin gishiri a hannu. Ya dube ni, ya dubi burtunsa, ya ce, "Ka karkata shi." Sannan ya faɗi sunan Kawu. Mai gari ya ce ba dai wane na Tambuwal ba? Aka shiga jero dangantaka, aka gano kakata da kakar ɗaya daga cikin masu adakar 'yan ɗaki ɗaya ne. Wanda ɗazu ya auna ni, shi ya zauna yana cire mini ƙarangiya yana kirana ɗan'uwa.

Mai gari ya rantse ba zan tafi ban ci abinci ba. Bayan la'asar aka kawo tuwon shinkafa da miya, nama zuƙu-zuƙu, 'yan ƙanana, mai daɗin da ban taɓa ji ba. Na ci na suɗe hannu. Sai ɗan Sarkin Baka ya shigo da faifai yana murmushi, ya ce Baba ya ce na sha wahala a kanta, bai kamata in koma gida ban gan ta kusa ba. A kan faifan ga ɗan kai, da farar gira doguwa kamar an shafa alli.

Na daɗe ina kallonsa. Daga Rasha wataƙila, ko daga wani tafki na Turai, ta ƙetare Sahara lafiya, ta zo ta ƙare a cikina. Na ɗaga kyamara. Wannan karon bututun bai yi gurnani ba, nan take ya kama.

Kwana biyu bayan haka na koma Sakkwato, ban san wani yaro ya ɗauke ni da waya lokacin da ake rako ni fada ba, ban kuma san hoton ya riga ni isa ta WhatsApp ɗin dangi ba. Uwargida ta buɗe ƙofa, ta rausayar da wuya sau biyu, daidai yadda Sarkin Baka ya koya mini.

"Sannu da zuwa, Malam Burtu. Firjin tana baya ne?"