Giyabos Ba a Sayensa da Ido

Jama'ar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura! Na san tun kafin in buɗe baki wasunku sun riga sun taɓe nasu. Wai a zamanin da yara ke tuƙi da ƙafa ɗaya, wani zai tare mu da wa'azin giyar hannu ta tsohuwar mota? To, Alhaji mai atomatik, gyara zama. Motarka ta yi kyau a kan kwaltar Kano zuwa Daura, babu musu. Amma ranar da za ka kwaso riɗi daga ƙauyukan Babura na bakin iyakar Nijar, inda yashi ke haɗiye rabin taya, ko ka ratsa duwatsun Roni da damina, tsohuwar nan da kake yi wa dariya ita za ka aika a kira ta jawo ka.

Mutumin Babura ya ce, "Malam, giyabos ai giyabos ne. In noti ya sami rami, magana ta ƙare." Allah ya ba ka haƙuri, ɗan'uwa, kama da wane ba ta wane. Ɗauki Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, har aka riƙa haɗa wasu a Ibadan a kamfanin Leyland. Series IIA ta 1961 da Series III ta 1971 duk giya huɗu gare su, akwatunan kuma daga nesa kamar an tsaga kara. Amma a ta farko, giya ta uku da ta huɗu kaɗai ke da zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke taka kuloci sau biyu in za su sauko ta biyu. Wanda bai iya ba, sai ya tashi unguwa da ƙarar gurza. A Series III kuwa duka huɗun suna da zoben, sannan yadda ake matsa kulocinta daban ne. Sayo wannan ka ce lallai sai ya zauna a mazaunin wancan, ka ga yadda bakanikenka zai wuni a ƙarƙashin mota yana salati.

Na Gwiwa ya ɗaga yatsa: "Mu tamu mai giya biyar ce, wannan bai shafe mu ba." Ya shafe ka har ya wuce. Shiga motar ka nemi ribas. In tana sama ta hagu, kusa da giya ta ɗaya, LT77 gare ka. In tana ƙasa ta dama, ƙarƙashin ta biyar, R380 ne, wanda ya fito a 1994. Wannan gwajin ko kwabo ba ya ci, amma mutum zai shekara yana tuƙa mota bai san sunan abin da ke ƙarƙashin hannunsa ba. In kuma ka yi sha'awar cire tsohon ka sa sabon, sani cewa R380 ɗin da ya zo da injin 300Tdi a Defender, ƙoƙon da ke haɗa shi da inji ya fi na LT77 tsawo. Ko dai ka nemo mai gajeren wuya, ko ka shirya matsar da inji da duk abin da ke maƙale da shi.

Ga kuma zancen mai, inda gardamarku ta fi ƙarfi. Kun ce mai kauri shi ne mai. A Series, gaskiyarku. Amma LT77 jan man nan mai ruwa-ruwa na atomatik aka rubuta masa, domin yana da ɗan famfo a ciki da ke zagaya da man. Ɗura masa mai kauri, da sanyin asubar hunturu giya ta biyu ta ƙi shiga, ka koma kana zargin maƙiya.

Yanzu 'yan Toyota na murmushi, wai su Allah ya raba su da wannan wahala. Ranka ya daɗe na Kazaure, buɗe bonet tukuna. Akwai ɗan faifan ƙarfe da kamfani ya liƙa, ɗauke da samfurin mota da inji da lambar giyabos da aksul. Yaushe rabonka da goge shi? A tsofaffin Land Cruiser za ka tarar da H41 ko H42 masu giya huɗu, ko H55F mai biyar. H41 da H42 kusan jiki ɗaya ne, amma giyar farko ta H41 tana juya inji kusan sau 5 kafin shaf ɗin baya ya juya sau 1, ta H42 kuwa wajen sau 3 da rabi. Mai hawan dutse da buhunan gero ya san wannan bambancin a ƙafarsa, ya kuma san shi a warin faifan kuloci. Shi kansa H55F ba iri ɗaya ba ne: shaf ɗin gabansa ya danganta da injin da aka yi shi dominsa, tsawo da yawan haƙora duka. Kuma ya fi yawancin masu giya huɗu tsawo, don haka farfelar baya sai an rage ta, ta gaba sai an ƙara. Hilux ma haka: akwai G52, akwai W56, akwai R151F, kowanne da gidansu.

Lamarin nan kamar neman aure ne. Ba a ɗaura shi don an ga kyan fuska a kasuwa, sai an binciki asali a ɓangarori biyu: inji a gaba, ogzilari a baya, wato akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyi huɗu. Shi ma ogzilarin yana da nasa halin. A Land Rover, ogzilarin LT230 na Discovery rabon juyinsa 1.222 ne, na Defender galibi 1.410. Sa na farkon a motar kaya, za ta yi maka gudu a kwalta, ta yi maka nishi a yashi.

To me za a yi? In za ka Ƙofar Ruwa a Kano neman ɗan Beljiyam, ɗauki tsohon giyabos ɗinka ka tafi da shi, nauyinsa bai kai na zuwa sau biyu ba. A ajiye su gefe da gefe. A kankare dattin, a karanta lambar da aka buga a jiki har harafin ƙarshe, domin faifan bonet abin da kamfani ya sa yake faɗa, ba abin da masu motar na baya suka musanya ba. A ƙirga haƙoran shaf, gaba da baya. A auna tsawo da tef, ba da taƙi ba. A jijjiga shaf ɗin gaba a ji ko boris ya ci. A juya shi da hannu a kowace giya. A kwance ƙusar zubar da mai a duba: ɗan baƙin gari ba laifi, amma in ka ga gutsuren haƙori, yi wa mai shago sallama cikin mutunci. Sannan a yi yarjejeniya a gaban shaida cewa in bai yi ba za a dawo da shi.

Na ji na Roni daga can baya yana cewa bakanikensa da ido kawai yake ganewa, shekara da shekaru. Madalla, Allah ya ƙara basira. Sai dai ka lura, gwanayen cikinsu su ne suka fi kowa yawan awo da ƙirge, mai cika baki ne ke tsallakewa. In naka ya ce ba ya buƙatar tef, ka amince masa, amma ka ce kuɗin motar komawa Kano daga aljihunsa za su fito. Za ka ga yadda tef zai bayyana nan take.